Kayan kwalliyar da suka yi kwantai: a mayar wa kamfani, a karyar, ko a sa gwanjo a waya?

Ranar da na yanke shawarar barin tallar kayan kwalliyar kamfani, na jawo kwalaye biyu daga ƙarƙashin gado na zazzage su a kan tabarma. Turare kwalba 14, jan baki 40, man shafawa 30, hoda 18. Da na buɗe littafin da nake rubuta sari, uwar kuɗinsu ta kama jika 380, wato sefa dubu 380. Rabin kuɗin nan adashe ne na ɗauka, sauran kuma na tunkiyar da na sayar. Duk macen da ta taɓa shiga irin wannan kasuwanci ta san yadda kaya ke taruwa. Kowane wata sai kin sayi wani adadi kafin a lissafa miki maki, idan ba ki saya ba matsayinki ya faɗi, ita kuma wadda ta shigar da ke tana kira tana cewa ki daure, wata mai zuwa za a buɗe. Ke ce mai saye, ke ce rumbun ajiya, masu shafawa kuwa ba su ƙaru ba.

Na san ba ni kaɗai ba ce. A unguwannin garinmu Maradi, daga Zariya zuwa Ali Ɗan Sofo, daga Bagalam zuwa Sabon Gari, akwai ɗakunan da irin waɗannan kwalaye ke kwance, masu su suna jin kunyar a san sun yi asara. Hanyoyi huɗu na gani a gabana a lokacin: in mayar wa kamfani, in karyar wa mai shago gaba ɗaya, in sa gwanjo a waya tsakanin mutanenmu, ko in kai shafukan gwanjo na ƙasashen waje irin eBay. Biyu na bi da ƙafata, ɗaya ta rufe mini ƙofa, ɗaya kuma na yi bincikenta har na gane ba ta kayana ba ce.

Kafin a zaɓi hanya

Abu na farko, kayan kwalliya ba atamfa ba ne. Atamfa ko ta shekara biyar a akwati tana nan, wani lokacin ma ta ƙara daraja. Man shafawa kuwa kullum rana ta faɗi ya rage kwana. Ki juya kowace kwalba ki duba ranar lalacewa. Akwai kuma wani ɗan zane na gwangwani buɗaɗɗe da aka rubuta 6M ko 12M ko 24M a jikinsa, ma'anarsa watannin da kayan zai yi lafiya bayan an buɗe shi. Don haka duk abin da kika taɓa buɗewa don nuna wa masu saye, agogonsa ya fara tafiya tun ranar. Sannan ga zafin garinmu. A watan Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, ɗakin kwano kuma ya fi haka. Cikin jan bakina 40, shida sun narke sun karkace a cikin bututunsu, man shafawa tara kuma kwanansu ya ƙare, wasu har mai ya rabu da ruwa. Waɗannan na ware su gefe tun kafin lissafi. Ba a sayar da su, ba a ba da su kyauta, domin fuskar 'yar wani ce za ta ɗauki abin da ya biyo baya.

Abu na biyu ya fi ciwo. Kuɗin da kika saya ba shi ne farashin kayan yau ba. Yawancinmu daga Kano ko Katsina kayan ke shigo mana, da naira aka saye su. A watan Yuni na 2023 Najeriya ta saki darajar naira, dalar Amurka da ake canzawa a wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024, alhali sefa tana ɗaure da yuro ba ta motsa ba. Wadda ta yi sari kafin wannan faɗuwa ta biya sefa mai yawa, wadda ta je bayan an sake buɗe iyakar Nijar da Najeriya a watan Maris na 2024 ta samu wasu kayan da sauƙi. Mai saye ba ruwanta da tarihin kwalbarki. Abin da ta sani shi ne nawa za ta same ta a wajen wata. Saboda haka ki tambayi farashin yau a bakin masu sayarwa biyu ko uku, shi ne ma'aunin da za ki gwada kowace hanya da shi.

Mayar wa kamfani

Wannan ce hanyar da ta fi kowace riba idan ta buɗu, kuma ita ce wadda mata suka fi mantawa da ita. Manyan kamfanonin da ke sayarwa ta hannun wakilai suna da ƙa'idar karɓar kaya daga wakilin da ya daina. Mary Kay, kamfanin kayan kwalliya na Amurka, alal misali, an san ta da mayar wa wakiliya kashi 90 cikin 100 na kuɗin kayan da ta saya a cikin wata 12 na baya, muddin ba a buɗe su ba. Ƙungiyar irin waɗannan kamfanoni ta Amurka ma ta sa wannan sharaɗi cikin dokokin da membobinta ke bi. Kashi 90 ba wasa ba ne. Babu mai shago, babu gwanjon da zai ba ki haka a kan jan baki.

Ni dai ƙofar ba ta buɗe mini ba, kuma dalilin ya shafi mata da yawa a nan. Kayana ba da lambata aka saye su ba. Wadda ta shigar da ni ce ke haɗa odar mu biyar ta saya da sunanta a can Kano, ta aiko mana ta mota. Ba ni da rasiɗi ko ɗaya mai sunana. Da na kira ofishin, tambayar farko ita ce lambar oda, maganar ta tsaya a nan. Idan ke kina da rajista da sunanki, kina da rasiɗi, kuma shekara ba ta cika ba, ki ajiye duk sauran shawarwarin nan ki fara neman takardar yarjejeniyar da kika sa wa hannu. Ki lissafa kuɗin mayar da kayan da abin da za a tambaye ki a duwan, ki kuma sani cewa mayarwa yawanci tana nufin kin fita daga kamfanin ke nan. A cikin takardar nan za ki ga wani abu kuma: kamfanoni da yawa sun hana wakilansu sa kaya a shafukan gwanjo ko a kantin kasuwa. Idan kina son ci gaba da zama wakiliya, wannan sharaɗin ya ɗaure ki.

Karyar wa mai shago

Wata Litinin, ranar kasuwa, na ɗauki samfur na nufi layin masu kayan shafa a babbar kasuwa. Wani dattijo da mahaifina ya sani ya karɓi kwalbar turare, ya juya ta, ya shinshina murfin, ya duba rubutun gindinta.

"Ɗiyata, guda nawa gare ki?"

Na faɗa masa duka.

"In kin yarda in kwashe gaba ɗaya, jika 130."

"Haba Baba, jika 380 fa na zuba."

"Na sani, ban ƙaryata ki ba. Amma ni ma ajiyewa zan yi. Mai shigowa shagona sunan da ta saba ji take tambaya. Wannan sai an yi mata bayani, ni kuwa ba ni da lokacin bayani."

Na ce albarka, na fito raina a ɓace. Daga baya na gane bai zalunce ni ba. Kayan kamfanin wakilai tsadarsu tana cikin bakin mai talla ne, ita ke zama ta shafa wa mace a bayan hannu, ta ba ta labari, ta jira ta biya a ƙarshen wata. Da zarar an ɗora su a kanta kusa da mai na jika ɗaya, sun zama kwalba cikin kwalabe. Abin da wannan hanya ke da shi wanda sauran ba su da shi shi ne kuɗi a hannu yau, ba bashi, ba yawo, ba wanda zai dawo miki da kaya. Matar da ake bi bashi ana buga mata ƙofa, ko wadda kayanta saura wata biyu su lalace, kada ta raina kashi ɗaya cikin uku. Da babu gara ba daɗi.

Dillaliya tana tsakiya. Tana shiga gidajen da ke ba za ki shiga ba, tana iya samo farashi mai kyau wajen masu haɗa lefe, amma da la'adarta, kuma kuɗin kan dawo a gutsure. Kayan da ke yawo a jaka cikin rana kuma ba ya dawowa yadda ya fita.

Gwanjo a waya

A nan na fi daɗewa, a nan kuma na fi koyon abu. Gwanjo ba sabon abu ba ne a wajenmu, taya da ƙari da sallamawa su ne cinikin Bahaushe tun asali. Abin da waya ta ƙara shi ne ta tara masu tayawa a wuri ɗaya ba tare da sun bar ɗakunansu ba, har da matan da ba sa fita kasuwa, har da na Yamai da Damagaram da Tawa.

Gwajina na farko bai yi ba. Na buɗe zaure a WhatsApp, na zuba mata kusan 90, na sa hoton jan baki ɗaya na ce a fara tayawa daga dala ɗari, wato sefa 500. Wata ta tambaya guda nawa ne, na ce akwai da yawa. Shi ke nan, babu wadda ta ƙara ko dala. Me zai sa ta yi takara da wata a kan abin da ta san akwai talatin irinsa a ƙarƙashin gadona? Gwanjo yana tashi ne kawai idan mutum biyu suna son abu ɗaya kuma kowa ya san idan ya bari ya wuce. Wannan ita ce gaskiyar da ta raba kayan da suka dace da gwanjo da waɗanda ba su dace ba, kuma na ga mata da yawa sun yi kuskuren da na yi.

Sai na sake dabara. Na ɗaure kayan ƙunshi-ƙunshi: turare ɗaya, jan baki biyu masu launi daban, man shafawa ɗaya, hoda ɗaya, na jera a faranti a kan farin zane na ɗauki hoto da hasken safe. Kowane ƙunshi uwar kuɗinsa jika 20. Na haɗa guda goma, babu biyu masu kama ɗaya, kuma ban fitar da su tare ba. Biyu a mako, daren Alhamis da daren Lahadi, daga bayan isha'i zuwa ƙarfe goma. Na fara kowanne daga jika 8, ƙari mafi ƙanƙanta dala ɗari. Na jira har azumi ya raba tsakiya, lokacin da hankalin mata ya koma kan kayan Sallah, sauran kuma na ƙarasa su a bikin da ke biyo bayan Sallah. Mafi araha ya tafi a jika 12, mafi tsada 17, goman suka haɗa jika 142.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne kwalba huɗu na wani turare da kamfanin ya daina yi. Ban ɗauke su a bakin komai ba. Ashe akwai matan da suka saba da shi suna nema ba sa samu. Wata malamar makaranta a Yamai da wata amarya a nan Mokoyo suka riƙe wa juna wuya a kan kwalba ta farko har ta kai jika 13, alhali jika 9 na saye ta. Huɗun suka kawo jika 46. Su kaɗai ne a cikin kayana duka suka wuce uwar kuɗi. Ragowar tarkacen na koma wajen dattijon nan na kasuwa, ya ba ni jika 35. Idan aka haɗa, jika 223. Na cire jika 14 na kabu-kabu da mega da kuɗin aike, ya rage 209. Idan aka gwada da 130 da aka taya ni tun farko, bambancin jika 79 ne, kuma na biya shi da mako bakwai na riƙe waya har dare, da amsa tambaya ɗaya sau ashirin. Ke za ki auna ko mako bakwai ɗinki ya kai haka.

Akwai ƙa'idojin da sai da na ƙone kafin na kafa su. Wata ta ci ƙunshi a jika 16, da safe ta ce wasa take yi, ta ɗauka ba za a bar mata ba. Tun daga ranar na rubuta a saman zauren cewa wadda ta ci tana da zuwa la'asar ɗin gobe ta biya, idan ba ta biya ba kaya ya koma ga wadda ke bi mata a farashin da ta taya, ita kuma a fitar da ita. Wata kuma ta taya sannan ta goge saƙonta, rigima ta tashi a kan wa ke gaba. Maganinsa shi ne duk tayin da ya shigo ki maimaita shi da rubutunki, ki ce wance jika kaza, idan lokaci ya cika kuma ki rufe zauren ya zama ke kaɗai ke iya rubutu. Agogon wayarki shi ne alƙali, ki faɗi haka tun farko.

Maganar biya ta yi sauƙi yanzu, ga Nita, ga Amana, ga Al Izza, ga Airtel Money da Moov Money da Zamani Cash. Amma hoton rasiɗi ba kuɗi ba ne, ana iya gyara hoto. Sai kin ga kuɗin a asusunki ko kin karɓo a hannu kafin kaya ya bar gida. Na cikin gari ɗan kabu-kabun da kika sani ya kai. Na nesa ki ba motocin safa irin Rimbo ko STM, ki faɗa wa mai saye tun kafin ta taya cewa kuɗin mota nata ne. Yamai ta fi kilomita 600 daga nan, kaya zai wuni a cikin ɗakin kaya na mota mai zafi, don haka jan baki sai an naɗe shi da tsumma a tsakiyar kwali, turare kuma a ɗaure murfinsa da salatif.

Akwai abin da wata ƙawata ta kawo mini da kyakkyawar niyya, na ƙi. Ta ce ta riƙa tayawa da lambarta ta biyu don farashi ya hau, idan ya faɗo kanta sai mu bar shi. Wannan shi malamai ke kira najashi, ƙara kuɗin kaya ba don a saya ba sai don a ruɗi wani, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana. Gwanjon kansa halal ne a wajen mafi yawan malamai, wannan dabarar ce ba ta halatta ba. Ko ta fuskar kasuwa ma, Maradi ƙaramin gari ne wajen labari, ranar da aka gane lambar nan babu mai sake taya miki ko allura. Haka ɓoye ranar lalacewa. Ni kowane ƙunshi sai na ɗauki hoton gindin kwalabe inda kwanan yake, na rubuta saura wata kaza. Wasu sun janye saboda haka, amma babu wadda ta dawo mini da kaya.

Tsakanin WhatsApp da Facebook da TikTok, na fi natsuwa da na farko saboda mutanen da ke ciki ko na san su ko na san wanda ya san su. Facebook yana kawo mutane da yawa, yana kuma kawo masu tambayar farashi su ɓace. Gwanjo kai-tsaye a TikTok yana da zafi, ana gani ana tayawa nan take, kuma yana cire tsoron cinikin biri a sama tunda ana juya kwalbar a gaban kowa. Sai dai yana cin mega, yana son mai baki da ba ta jin nauyin kyamara, kuma idan layi ya yanke a tsakiyar tayi an shiga gardama. Ba kowane gida ne ma zai yarda matarsa ta fito a hoton ba, wannan kuma kowa ya san gidansa.

Shafukan waje

Ɗan yayata da ke jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo shi ya nuna mini eBay, ya ce Inna dubi yadda ake sayar da irin turarenki da dalar Amurka. Gaskiya ne, shafin tun 1995 yake, masu saye daga ko'ina suke, ana sa kaya gwanjo na kwana ɗaya ko uku ko biyar ko bakwai ko goma. Amma da muka zauna muka bi abin daki-daki, sai ya watse a hannunmu. Shafin yana cire la'adarsa, wajen kashi 13 cikin 100 a yawancin kaya, har da kuɗin aike ake lissafawa. Ya hana sayar da kayan kwalliyar da aka taɓa amfani da su. Turare mai sinadarin alkol ana lissafa shi cikin kaya masu kama wuta, gidajen waya ba sa ɗaukarsa zuwa wata ƙasa ta jirgi kamar sauran saƙo. Aika kwali daga Nijar zuwa Faransa ko Amurka ta kamfanonin aike na gaggawa kuwa yakan fi kuɗin jan bakin da ke ciki. Mai saye yana da damar cewa kayan ba kamar yadda aka kwatanta ba ne a mayar masa da kuɗinsa, ke kuma kina Maradi ba ki da yadda za ki karɓo kayanki. Sannan mai saye a can yana da ɗaruruwan tsoffin wakilai a ƙasarsa masu irin kwantanki, waɗanda za su kai masa cikin kwana uku. Ga kayan shafa, wannan hanya a rufe take, kada ki ɓata lokacinki.

Kayan tarawa dabam ne

Inda shafukan waje ke da amfani shi ne abin da ba ya lalacewa, ba shi da nauyi, kuma ba a samunsa ko'ina. A ƙasan kwalaye na akwai kyaututtukan kamfani: ƙaramin fil na ƙirji, jaka mai tambari, kofi biyu, tsoffin littattafan talla. Ɗan yayata ya ce Turawa na tara irin waɗannan. Haka ne, amma a nan ne mutane ke yaudarar kansu. Kamfanin Avon, wanda aka kafa tun 1886, ya yi kwalaben turare masu siffar mota da dabbobi a shekarun 1960 da 1970, mutane suka yi ta ajiyewa suna zaton za su yi tsada. Da yake an yi su da yawan gaske, yawancinsu yau kuɗi kaɗan ake sayensu. Tsufa kaɗai ba ya sa abu tsada, sai an haɗa da ƙaranci da kuma mai nema. Idan za ki duba darajar wani abu a eBay, kada ki kalli farashin da mai kaya ya rubuta, kowa na iya rubuta abin da ya ga dama. Akwai wurin da ake tacewa a ga abin da aka riga aka sayar da nawa aka biya. Da muka duba irin fil ɗina a can, kuɗinsa bai kai kuɗin aika shi ba.

Abin da muke da shi a gidajenmu wanda ya fi kyautar kamfani daraja sau da yawa ba ma kallonsa: tsoffin kan sarki na Nijar, takardun sefa na da irin waɗanda bankin BCEAO mai buga sefa ya janye a 2004, kwabban zamanin Turawa masu huda a tsakiya, tsoffin hotuna da katin gaisuwa na gari. Waɗannan suna shiga ambulan, ba sa narkewa, kuma akwai masu tara su a waje. Ko su ɗin, hanyar da ta fi sauƙi ita ce ta hannun ɗan'uwa amintacce da ke zaune a can, wanda ke da asusun banki da adireshi a ƙasar, a ba matafiyi ya kai masa, ku yi yarjejeniyar rabonsa a rubuce. Tasoshin jere na iyayenmu da tsoffin kwalaben turare masu kyau kuwa, nauyinsu ya sa kasuwarsu tana nan gida, wajen masu adon ɗaki da masu haɗa humra da turaren wuta, waɗanda kullum suke neman kwalba mai kyau. Kwalabena da suka ƙare ma a wajen wata mai humra suka tafi.

Sai dai akwai iyaka. Kayan tarihi na gaske, irin tsoffin rubuce-rubucen hannu, kayan sarauta, ko abin da aka tono a ƙasa, Nijar tana da dokar 1997 da ke kare su, ba a fitar da su haka nan. Mun ga abin da ya faru da dutsen nan na duniyar Mars da aka tsinta a yankin Agadas a 2023, mai nauyin kusan kilo 25, wanda gidan gwanjo na Sotheby's ya sayar a New York a watan Yuli na 2025 a kan sama da dalar Amurka miliyan 5, gwamnati kuma ta buɗe bincike kan yadda ya bar ƙasar. Idan abin da ke hannunki gadon kakanni ne, ki tambayi manyan gida da hukuma kafin ki ɗauki hotonsa ma.

Makon jiya matar ƙanena ta zo da nata kwalin a bayan kabu-kabu, idonta ya yi ja. Ta ce, "Yaya, ki sa mini a zaurenki ko nawa ne." Muka zazzage a tabarmar nan. Da na tambaye ta rasiɗi, sai ga shi duka da sunanta, mafi tsufa wata takwas. Na ce ta mayar da duk wanda ba a buɗe ba cikin kwali, gobe da safe ta kira ofishin kamfanin da lambar odarta a hannu, ta tambayi ƙa'idarsu ta karɓar kaya. Man shafawa biyar da ta buɗe don gwaji muka ware, ta yi amfani da su a gida. Turare uku ne kawai na riƙe, irin wanda aka daina kawowa, za mu sa su ɗaya bayan ɗaya idan watan Babbar Sallah ya kama.